Sun Hana Ni Kai Matata Asibiti Saboda Esi

Malam mai filin shawara, don Allah a taimake ni. Ban iya karatu ba. Mai rubuta wa mutane takardu a bakin kotu ne yake rubuta min, na ce kada ya gyara ko kalma ɗaya.

Shekara arba'in da ɗaya ina jan tasi a Basra, ban taɓa kunna esi ba. Gilas a sauke, tawul jiƙaƙƙe a wuya, tulun ruwa ƙarƙashin kujera. Wa ya mutu? Sanyin nan shi ke kama ƙashin mutum, na sha faɗa.

Matata Najiya ana yi mata wankin ƙoda sau uku a mako, ni ke kai ta. Bara ɗana Samir ya sayar da tsohuwar motata ba shawara, wai ta tsufa, ya kawo min sabuwa. Har yau ban huce ba. A makon jiya, cikin zafin nan mai nunar da dabino, cunkoso ya riƙe mu a kan gada, sai na ga kan Najiya ya langaɓe. Ta farfaɗo, alhamdu lillahi. Amma Samir ya karɓe makulli a gaban matarsa, ya ce taurin kaina zai kashe masa uwa. Yanzu wani baƙon direba ke ɗaukarta, ni ina ƙofar gida kamar maigadi. Shin ya san tana son a tsaya a saya mata shayin lemon tsami in an fito? Ya san ramin da ake kauce wa saboda bayanta?

To ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Ranar nan na so in kunna esin. Wallahi na so. Motar ce ba ta da abin murɗawa, allo ne da rubuce-rubuce. Na danna, na danna, sai iska mai zafi ta feso mana. Tun da aka kawo motar nake cewa ba na son esi, alhali ban iya ba ne. Yaron da na koya wa riƙe sitiyari, shi zan ce wa koya min? Najiya ta gani, ta rufa min asiri.

Yaya zan karɓo makullina ba tare da na sunkuyar da kai ba?

Tsohon direba, Basra

*

Baba Alhaji, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba Hajiya lafiya.

Kana da gaskiya a wurare biyu. Sayar da motarka ba shawara kuskure ne, karɓe makulli a gaban suruka kuwa rashin ladabi ne. Sai dai ɗanka tsoro ne ya kama shi, kuma yana hukunta ka ne a kan laifin da kai ka ɗora wa kanka. Ka ce masa ba ka so, ya yarda da kai. Wanda bai iya ba ana nuna masa cikin minti biyar. Wanda ya ƙi, ba a iya ba shi amanar mara lafiya.

Tawul ya yi maka aiki da ƙuruciyarka, amma jikin mai wankin ƙoda ba ya ɗaukar wannan zafi. Dabararka ma ba ta ɓace ba: ka sauke gilas tukuna zafin da ya taru ya fita, sannan ka kunna sanyin kaɗan-kaɗan ka rufe. Ka kawar da iskar daga fuskarta, ka ajiye mata mayafi.

Ka kira Samir ku biyu kaɗai, cikin motar. Ka faɗa masa abin da ka faɗa min, ya manna jan tef daidai wurin da za ka danna, ka gwada a gabansa har hannunka ya saba. Za ka sunkuyar da kai, Baba, ba zan ɓoye maka ba. Sau ɗaya ne, kuma Hajiya ta isa a yi mata.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.