Gansakuka a Inuwa

Gabis, 3 ga Yuni

Yaya Rafika,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Baba, ya yara? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin ce na yi shiru. Ai gwajin nan ne ya sha min kai. Shekara uku ina kiwon gansakuka a tafkunan cibiyar bincikenmu, ina shanya ta a rana, in tatsi mai a mayar da shi dizal. Lutfi, abokin nan nawa da ya ci kuskus ɗinki ranar Idi, shi dafa ta yake da ruwanta a tukunyar ƙarfe. Hanya ɗaya za a bari. Wanda mansa ya gaza, a zubar da tafkunansa. Na shanya tawa a kan soro, gobe zan tafi taro Tunis, kwana huɗu.

Ki sa ni a addu'a.
Ƙaninki, Munsif

Gabis, 15 ga Yuni

Yaya Rafika,

Ina fata kuna lafiya. Ni dai da sauƙi.

Na dawo na tarar da farantai ashirin ɗin da na shanya gansakukata a kai jere a ɗakin ajiya, sun yi fumfuna, wari kamar mataccen kifi. Inna Mabruka ce, matar maigadi. Ta tarye ni da fara'arta: "Ɗana, wa ya koya maka shanya ganye a rana? Ko lalo a inuwa ake busar da shi, in ba haka ba ya ƙone. Ni kaɗai na sauko da su, bayana har yanzu ciwo yake."

Man da na samu bai kai rabin na Lutfi ba. Kwamitin gwajin suka tambayi dalili, na ce sakacina ne. In na ambaci sunanta, ita da tsohon mijinta za su bar ɗakin da suka shekara ashirin a ciki.

Jiya aka zubar da tafkunan. Ban yi kuka ba, amma zuciyata ta yi baƙi, Yaya. Da yamma Inna ta kawo min miyar lalo, wai na rame. Ina ci take ba ni labarin kirkin Lutfi: ranar ya gan ta a bakin matakala da farantin farko, har ya riƙe mata ƙofa.

Kada ki gaya wa Baba tukuna. In Idi ya zo, ni kaɗai zan zo, ki rage kwano ɗaya.

Naki har kullum,
Munsif