Kalmar Yau Daga Jarida

Jibiya, daren Asabar, Maris 1976

Tun da aka yi yunƙurin juyin mulki, sojojin da ke shingen kan iyaka sun daina amsa sallama. Motocin shanu daga Maraɗi sun yi layi har bakin kasuwa.

Jarrabawar shiga makarantar hafsoshi ta matso, Baba kuwa har yanzu bai ce in tafi ba. Kullum nakan ɗauki kalmar Turanci ɗaya daga shafin farko na jaridar da Kawu Idi direba ke kawo mani daga Katsina, in nemo masu ma'ana irin tata a ƙamus. Da can maganar man fetur ce da ƙarin albashi. Kalmar yau kisa ce, kuma 'yan'uwanta suna da yawa.

Baba ya tarar da ni a zaure. Bai yi boko ba, sai ya tsura wa hoton da ke jaridar ido: hafsoshi ɗaure a jikin turaku.

"Waɗanga ma sun ci jarrabawar taka?"

"Sun ci, Baba."

"Da Turanci mai kyau?"

"Ƙwarai."

Ya ninke jaridar a hankali, ya ce in same shi bayan sallar asuba. Har ƙamus ɗin ya tafi da shi.