Sandar Hukma

Lahadi, 3 ga Disamba

Gobe za mu fita. Kwana shida a ƙafa, baƙi huɗu daga Pune, raƙuma uku na kaya. Ni a gaba, Hukma mai raƙuma a baya, kamar yadda muke yi shekara talatin da ɗaya.

Mai kamfani ya kira ni ofishinsa a Jaisalmer. Wai ya ji ana cewa idona ya soma hazo, ko zan bar doguwar hanya in koma zagayen bayan gari, inda ake ɗora baƙo a raƙumi ya ɗauki hoton faɗuwar rana a dawo da shi. Ni Bachal ɗan Mithal, da 'yan sanda ke zuwa har gida ɗauka in an saci raƙumi. Na ce wanda ya gaya masa ya zo ya maimaita a gabana. Ya ce wannan tafiyar ce za ta nuna. To, ta nuna.

Nuran 'yata ita ma ta kama waƙar asibitin ido. Na ce ta shafa min lafiya. Hazo ne kaɗan in rana ta take, amma kusa ina gani ras, ga shi ina rubutu. Littafin ne dai suke yi ƙarami yanzu, layi biyar shafi ya cika.

Litinin, 4 ga Disamba

Mota ta ajiye mu a ƙarshen kwalta da hantsi. Kafin a ɗaga ƙafa na ba su doka ɗaya tak: ba a shan gaban mai bin sawu. Hanya rubutu ce, wanda ya taka ya goge. Mahaifina ya taɓa ajiye wani babban ma'aikacin gwamnati a tsakiyar daji ya juyo gida, don ya sha gabansa sau biyu.

Baƙin: mata da miji da ba su da aiki sai hoto, da Malama Kulkarni, tsohuwar malamar makaranta mai sanda biyu da tambaya ɗari, sai ɗan yayanta Nikhil, mai shekara arba'in, kullum hanci a waya. Ya nuna min taswira ya ce Rijiyar Mithal ba ta ciki. Na ce ai mahaifina bai nemi iznin waya ba da ya haƙa ta. Jarka shida muka ɗauko, za su kai mu Alhamis da rana. In ba rijiyar, ba ruwa sai bayan tafiyar kwana biyu.

Yau ma na sami wani dogon layi a kan rairayi. Raƙumin wani makiyayi ne ya tsinke yana jan igiyarsa, kuma ya bi daidai inda ni ma zan bi. Tafiya ta uku ke nan ina dacewa da irinsa. Makiyayan yanzu ba su iya ɗauri ba.

Talata, 5 ga Disamba

Hukma ya tsufa. Tun asuba ya tafi kamo raƙuma daga kiwo, bai dawo ba sai da shayi ya huce sau biyu. Dabbobin da ke da dabaibayi, ina za su je?

Na ce, "Kai tsoho, raƙuman ka je nema ko amarya?"

Ya ce, "Amarya, amma da ta ji ni abokinka ne sai ta fasa."

Da rana ma bayan ya gasa gurasar gero sai ya hau taguwarsa Lali, wai neman itace. Ya dawo da 'yan ƙirare da ba za su dafa ƙwai ba.

Malama ta nuna min barewa uku a kan tudu. Na ce eh, na gan su tun ɗazu.

Laraba, 6 ga Disamba

Ruwa ba ya tsami banza.

Malama ce ta matsa in koya mata karatun sawu. Na durƙusa a gefen layin don in nuna mata yadda ake gane raƙumi mai kaya da marar kaya. Na sa yatsa a sawun ƙafar baya ta hagu, sai na ji tsaga. Na san tsagar nan. Kwalba ce ta yanke ta shekara bakwai da suka wuce, ni na riƙe ƙafar Hukma ya ɗinke. Sawun Lali ne.

Na shafa layin kansa. Igiya in ana jan ta wutsil-wutsil take yi kamar maciji. Wannan a miƙe yake, da zurfi, kuma duk bayan ɗan nisa yana yankewa ya koma ɗaya gefen, inda mahayi ya sauya hannu. Sanda ce.

Wato ba kiwo Hukma yake zuwa ba, ba itace ba. Gaba yake wucewa ya zana min hanya kamar mai jan makaho, ya zagayo ta bayan tuddai ya dawo ya zauna yana tsokanata. Ni kuma ina tafe ƙirji a gaba, baƙi suna cewa Baba Bachal gwani ne.

Malama ta ce, "Baba, me sawun ya ce?" Na ce ya ce mu tashi, rana na yi.

Ban ci abinci ba. Hukma ya tambaye ni, na ce cikina. Haushi nake ji, haushin da ban taɓa jin irinsa ba, kuma kunya ta fi haushin. Shi ya sha gabana, ba sau biyu ba, Allah kaɗai ya san sau nawa. Tun muna kiwon awaki tare bai taɓa ɓoye min komai ba.

Alhamis, 7 ga Disamba, da safe

Hukma ya sake makara, ya dawo fuska a murtuke. Ba ruwana. Yau ba zan bi layin kowa ba. Rijiyar ubana ce, da ƙafata zan je.

Juma'a, 8 ga Disamba

Jiya ban iya rubutu ba. Bari in rubuta yadda aka yi, ba ragi.

Muna tashi na ga layin ya yi hagu ta cikin tumfafiya. Na yi dama. Na ji Hukma ya yi tari a baya, ban waiwaya ba. Na san hanyar: a hau dogon tudu, a hango bishiyar kejiri mai reshe biyu, a nufe ta. Na hau, na hango wani duhu-duhu can nesa, na ce ga ta.

Mun yi tafiyar awa uku zuwa gare ta. Ƙarangiya ta cika wa baƙi safa, matar mai hoto har ta daina hoto. Da na isa, sai na tarar da kangon bukkar makiyaya, rufin ya zube. Ba bishiya, ba rijiya.

Na ce mu huta. Na sake hango wani duhun, muka sake tafiya awa guda. Tulin ƙaya ne.

Lokacin rana ta raba tsaka. Jarka ɗaya ta rage, ita ma ba cike ba, mu shida. Nikhil yana ta ɗaga waya sama kamar mai kiran shaho. Ya ce, "Baba, ka tabbata kuwa?" Na daka masa tsawa, abin da ban taɓa yi wa baƙo ba. Sai Malama ta zauna daɓas a ƙasa. Leɓenta ya bushe, ta ce ba komai, jiri ne kaɗan. Ba ta yi tambaya ko ɗaya ba tun hantsi, ni ko lura ban yi ba.

Hukma yana can baya riƙe da akala. Da ya buɗe baki a gaban baƙi ya gama da ni, ya sani, shi ya sa ya yi shiru yana kallon tsohuwa tana sulalewa. Ni na sa shi a wannan matsi. Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa nawa ya fi na kowa ɗauri.

Na jiƙa gefen rawanina na ba ta ta ɗora a goshi, muka ɗora ta a kan Lali. Na ce wa jama'a na yi kuskure, za mu koma. Da bakina na faɗa. Sannan na je kusa da Hukma kamar mai gyara kaya, na ce ƙasa-ƙasa, "Ina layinka yake daga nan?"

Ya dube ni. Ya ce, "Yamma da mu, tudu biyu." Sai ya ƙara da cewa, "Amma Bachal, layin bai kai ba. Na je kwarin da asuba, na zagaye shi sau uku. Bishiyar ba ta nan, rairayi ya cinye bakin rijiyar. Ban gan ta ba."

Ashe abin da ya murtuke masa fuska ke nan.

Muka bi layin, ni a gaba, ban ji kunyar kallonsa ba wannan karon. Da la'asar ya ƙare a tsakiyar kwari. Ba komai sai rairayi fari fat, ni kuwa a wannan haske ko sawun Hukma ba na rabewa da ƙasa. Na tuna maganar mutane, wai bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Na ce yau dai makaho zai yi wasa.

Na cire takalmi. Mahaifina yakan ce inda dabbobi suka shekara ɗari suna jiran ruwa, ƙasar ba ta mantuwa, kashin awaki da fitsari sun daskare ta kamar daɓe. Na ce kowa ya tsaya inda yake. Na shiga jan ƙafa ina nutsa ta, daga wannan gefe zuwa wancan, kamar mai huɗa. Rairayin na ƙuna. Sau tara na ratsa kwarin. A na goma yatsuna suka taɓo tauri, na tona na shinshina, warin tsohon garke.

Na ce, "Hukma, ba ni sandarka."

Na bi taurin ina bugawa. Dim, dim, dim, sai na ji ƙwal. Muka durƙusa mu biyar muna yasa da hannu da faranti, har Nikhil ya jefar da waya. Zurfin kamu biyu muka tarar da falalen dutsen da ni da mahaifina muka ɗora. Da muka ture shi sanyi ya bugo fuskata. Guga ya sauka, na ji ya taɓa ruwa. A nan na zauna a bakin rijiyar.

Malama ta sha, ta huta, ta ce, "Baba, me ya sa ba ka duba da ido ba?" Tambaya ta dawo, alhamdu lillahi. Na ce haka ake yi.

Sandar tana hannuna har magariba. Na shafa bakinta, ya cinye ya karkace kamar bakin fartanya. Da na ba shi ita bara waccan tana kai masa kafaɗa, yanzu da ƙyar ta wuce haƙarƙari.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun ranar da ka yi wa kututture sallama."

Na ce ƙarya yake. Ya ce har da tambayar kututturen ya iyali.

Na ce ya karya dokar ubana. Ya ce, "Hanyar da nake ja, wa ya koya min ita? Shekara talatin ina kallon ƙeyarka. Taka ce, ajiya ka ba ni." Na tashi na tafi alwala.

Asabar, 9 ga Disamba

Mun fito kwalta lafiya, mu shida cif. Da safe da Hukma ya tafi kamo raƙuma na ajiye masa shayi a bakin garwashi, ban ce ya makara ba.

Laraba, 13 ga Disamba

Mai kamfani ya ce baƙi sun yaba, musamman wai yadda na samo rijiya da tafin ƙafa. Na gaya masa sauran, har da awa huɗun da na ɓatar da su. Ya ce akwai wasu baƙin ranar ashirin ga wata, in Hukma zai je. Na ce ina zai je ban da nan.

Nuran ta karɓo min rana a asibitin ido, bayan sabuwar shekara. Ba don wani abu ba, don dai ta bar ni in sha shayi cikin kwanciyar hankali.

Yau na shiga kasuwa wurin maƙeri. Na zaɓi gora mai kauri, doguwa, na sa ya ɗaura mata ƙarfe a gindi mai faɗin yatsa uku. Ta Hukma ta tsufa ne kawai, bai dace mutum mai furfura ya riƙa yawo da guntuwar sanda ba.

Na same shi a ƙofar gida yana shafa wa Lali mai a ƙafa. Na miƙa masa. Ya jinjina ta, ya juya ta, ya duba ƙarfen.

Ya ce, "Wannan ai ta yi nauyi, tsoho. Wa zai ɗauki wannan yini guda?"

Na ce, "Wa ya ce ka ɗauka? Ja za ka yi."