Ruwan Lungunmu da Maganar Yaya Balkisu

New Bell, Duwala
Ranar Laraba

Zuwa ga Baffa Badaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da ladabi, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da iyali duka a Kano. Allah ya ƙara maka sauƙin ƙafar nan. Mu nan muna lafiya. Mama ta tashi daga zazzaɓi har ta koma tuyar ƙosai, ni kuma na shiga ajin farko na sakandare. Malam Haruna ne zai miƙo maka wannan in ya zo sarin atamfa.

Baffa, na rubuto ne a kan Yaya Balkisu, kuma ba ita ta sa ni ba. Mun ji saƙonka cewa in wa'adinta ya ƙare a majalisar yanki ta haƙura da siyasa, don an gaya maka ta ƙaryata dattawan unguwa a gaban baƙi. Tun rasuwar Baba kai ne uba a gare mu, kuma ta ce ba za ta sake tsayawa ba sai da yardarka. A waya ba na iya wuce gaisuwa, amma ina wurin aka yi komai, shi ya sa na ɗauki biro.

Ka san yadda ruwa yake shiga lungunmu da damina. Majalisa za ta gyara wasu hanyoyi da lambatunsu, sai ta turo ma'aikata biyu su tambayi mutane. Suka zo da rani, suka tarar da su Alhaji Awalu, dattawan unguwa, a ƙofar masallaci. Aka shimfiɗa musu tabarma, aka kawo shayi. Da suka tambaya ko akwai damuwa, dattawa suka ce lafiya lau, sai godiya ga Allah, don ba za su zauna suna yi wa baƙo kukan gidajensu ba. Su kuwa ma'aikatan suka rubuta hakan da Faransanci, aka cire lungunmu daga jerin aikin. Ba su shiga gida ko ɗaya ba, tunda maza ne.

Da Yaya ta ga rahoton ma'aikatan, washegari ta yafa mayafi ta bi gidaje ɗaya bayan ɗaya. Mata suka nuna mata shatin ruwa a bango, wani har ƙugu, da gadajen da aka ɗora kan bulo. Ta ɗauki hotuna da izininsu. Amma kafin kowa ya gani, wurin Alhaji Awalu ta fara kai su. Mama ta ce in raka ta. Ta durƙusa daga bakin zaure, ta gaishe shi, ta miƙa masa wayar da hannu biyu. Yana dubawa har ya zo kan wani madafi da aka ɗora murhu bisa tebur, ya ce kai, wannan baiwar Allah tana shan wahala, gidan wa ne? Daga cikin gida matarsa Hajiya Rahmatu ta ɗaga murya ta ce gidan wani mai shago ne a kasuwar Kongo, wanda yake fita da sassafe, ba ya dawowa sai an kwashe ruwa an share. Baffa, na dinga kallon tabarma don kar dariya ta ƙwace mini. Da Alhaji ya gane madafin gidansa ne, ya yi dariya da kansa, ya ce Yaya ta je ta faɗa, sharaɗinsa kawai kar a nuna fuskar mace ko a ambaci sunan gida.

Ranar zaman majalisa muka hau benskin, wato babur ɗin haya, har unguwar Bonanjo inda majalisar take, na zauna can baya wurin 'yan kallo. Ita ce ƙarama a cikinsu, amma ta miƙe ta yi magana. Ta ce dattawanmu ba su yi ƙarya ba, sun karɓi baƙo ne yadda aka koya musu, kuma laifin na wanda bai tambayi masu kwashe ruwan ba ne. Wani ɗan majalisa mai furfura ya tsokane ta, wai ashe a New Bell komai lafiya sai an tambayi mata. Ta ce masa ya gwada tambayar Madam in ya koma gida, zai ji labarin da bai sani ba. Aka yi dariya har shugaban zama. Da aka ɗaga hannu, lungunmu ya koma cikin jerin. Satin da ya wuce an zo an auna, an buga turaku masu jan fenti daga masallaci har bakin titi.

Wannan shi ne abin da ya faru, ban ƙara ba, ban rage ba. In kana so ka kira Alhaji Awalu, ya ce a ba ka lambarsa, na rubuta ta a bayan takardar nan. Ƙarshen wata za a rufe karɓar sunayen 'yan takara. Yaya ta cike takardarta tsaf, wurin sa hannu kawai ta bari, ta ajiye ta a akwatin Mama tana jiran kiranka. Ni dai ban damu ba, don ban taɓa ganin ka hana abin alheri bayan ka ji yadda yake ba. Har na wanke mata farin mayafin da za ta sa ranar kai takardar, na goge shi.

A gaishe mini da Inna Tsohuwa, da Yaya Haliru da amaryarsa, da Aisha Humaira. Mama tana gaishe ku sosai, ta ce a aiko mata da kuka da daddawa. Allah ya ƙara girma, ya bar mana kai.

'Yarka,
Raudatu Idirisu