Takalman da Madugu Ya Ba Ka

Ya kai sanyin idona, inuwar gawo a tsakiyar bazara, ruwan sabuwar randa ga wanda ya kwaso rana, barewar da ke barin iska a baya, kuma, Allah Ya yafe mini, mafi taurin kai a cikin duk mazan da suka taɓa shan ruwan Gumel! Gaisuwa mai yawa, da ƙauna wadda ba ta ragu ba ko da ƙwayar gero, da fushi wanda ya kusa kamo ta tsawo.

Ina rubuta wannan takarda goggonka tana tsaye a bakin ƙofa tana yi mini wa'azi. Tun da na jiƙa tawada take magana. Ta ce kyautar ubangida ba a tura ta ƙarƙashin gado. Ta ce baran da aka tufatar ya ƙi sawa ya tsinke igiyar da ke tsakaninsa da mai gidansa da hannunsa. Ta ce a zamaninsu mace ba ta sa baki a sha'anin ƙafar namiji. Ni kuwa ina cewa to, Goggo, ina ci gaba da rubutu. Ta ɗauka laya nake rubuta maka. Ban ƙaryata ta ba.

Ka karanta a hankali, Dogo, yadda kake karatu, kada ka bi ta kai yadda kake gudu. Cindo wanzami ya ce ba zai sallame ka ba sai bayan la'asar, saboda haka ina da lokacin faɗin abin da in na faɗa da baki za a ce tsiwa ce.

Ka tuna ranar da na fara ganinka? Damina ce, an ɗauke ruwa da hantsi, ina tsakar gidan mahaifina Malam a Sule Tankarkar ina shanya takardunsa da yoyon ɗaki ya jiƙa. Aka yi sallama, aka ce ɗan aike ne daga Gumel, Malam ya ce in miƙo buta. Na shigo zaure da niyyar kallon ƙasa kamar yadda aka koya mini, kuma ƙasar na kalla. Laifin wa ne in ƙafafunka ne a wurin? Takalmin fata yana rataye a wuyanka, ka gudo tun asuba a kan jiƙaƙƙen rairayi, amma numfashinka a kwance kamar wanda ya tashi daga barci. Yatsu dogaye, a baje, kowanne ya san aikinsa. Tafin ƙafa kamar fatar da majemi ya gama da ita, ƙarangiya ta hau ta karye. Wasu matan fuska ce ta ja su, wasu murya, wasu riga. Ni, ɗiyar malami, mai saukar Alƙur'ani, dunduniya ce ta kama ni. Bayan ka tafi na fita na tsaya a kan sawunka har rana ta busar da shi. Wace ce za ta faɗi wannan ga namiji in ba fushi ne ya buɗe mata baki ba?

Waɗannan ƙafafun na aura. Ina suke yau?

Ban ga laifin gudunka ba, ka sani. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano gyaɗa ta yi daraja, kowane falke yana so ya riga ɗan'uwansa jin labari, kuma Madugu Ɗantsoho ya yi sa'ar samun mutumin da zai bar Maigatari da asuba ya kawo masa labarin ayarin kanwa kafin a gama karin kumallo a Gumel. Shekara shida kana yi masa wannan. Maigatari, Gagarawa, ka dawo, ka koma. Ban taɓa cire maka abin da ya wuce ƙaya ba.

Sai ga takalma. Madugu ya samo su a hayin iyaka wurin wani tsohon sojan Faransa da ya fito daga Damagaram, gajeren mutum in aka dubi abin da ya bari. Baƙaƙe, masu nauyin turmi, ƙusoshi a ƙasa, igiya a sama mai ramuka kamar sarewa. Madugu ya gwada, suka ƙi shiga. Ƙanensa ya gwada, suka ƙi. Daga nan ne alherinsa ya motsa, ya tara mutane a zaure ya miƙa maka su, maroƙi ya kwarara ihu. Ka shigo gida rungume da su kamar an haifa maka tagwaye. Na duba su, na dubi ƙafarka, na ce ba za su shiga ba. Ka ce za su saba. Gaskiyarka, an saba. Su ba su canja ba, ƙafar ce ta koyi lanƙwasa.

Yanzu bari in gaya maka abin da na lura da shi, tunda ni ba ni da aiki sai lura. Ka ɗaure su a ƙofar gida ka kama hanya. Ka haɗu da dattijo, ka tsaya, ka kwance igiya, ka cire, ka durƙusa ka gaishe shi, ka mayar. Ka wuce ƙofar mai unguwa, ka cire. Ka wuce malami a gindin bishiya, ka cire. Lokacin salla, ka cire. Da takalmin fata wannan duk zamewa ɗaya ce. Da waɗannan kuwa, kowace cirewa tana tafiya da fata, kowace mayarwa tana samun ƙafar ta fi ɗazu kumbura. Sa'an nan ka iso zauren Madugu, mutumin da kake shan wannan azaba don girmama shi, kuma me kake yi? Tun daga nesa, kafin ya hango ka, ka cire su ka ajiye a bayan danga, ka shiga da ƙafa tsirara kamar yadda ladabi ya ce. Wata huɗu ke nan. Madugu bai taɓa ganin takalman nan a ƙafarka ba ko sau ɗaya! Jakuna sun gani. Kurciyoyi sun gani. Matan da ke sussuka a bakin hanyar Gagarawa sun gani, an ce har suna fitowa su ji ƙarar ƙusoshi. Su kake yi wa biyayya?

Ni ce nake ganin abin da ke fitowa daga ciki. Da fari bororo ne a dunduniya, ya fashe, wani ya fito a kansa. Sai jini ya kwanta a ƙarƙashin farce, farcen ya yi shuɗi kamar an tsoma shi a marina, ya yi baƙi, ya faɗi. Uku na tsinta a kan tabarma. Sai tafin ƙafa ya yi tsami har ba ka iya taka ƙasa da safe sai ka dafa bango, kana yi mini murmushi wai ƙafa ce ta yi barci. Na jiƙa bagaruwa na tsoma maka. Na gasa da tsumma da ruwan ɗumi da gishiri. Na shafa man kaɗanya, na ɗaura lalle don ya ja zafin, na kifa ƙwarya na ɗora ƙafafun a kai don kumburin ya sauka. Duk abin da na gyara da yamma, kai ka mayar da shi cikin baƙin ramin nan da safe. Ashe ni mai yi wa takalmi tanadin abinci ce ban sani ba.

Ya hasken ɗakina, ya zumar farkon kaka, ba ka ga Barau ba ne? Kafin kai shi ne mai gudun Madugu. Miki ya kama shi a yatsa, ya ce zai saba. Yau yana zaune a bakin kasuwa yana tufka igiya, ƙafarsa ɗaya naɗe da tsumma, kuma Madugu in ya zo wucewa yana ɗaga masa hannu, ba laifi, mutum ne mai fara'a. Bara da dokin Madugu ya yi ɗingishi, kwana arba'in aka ɗaure shi a inuwa ana ba shi dawa da kanwa, ba wanda ya ce ya daure. Ba na zagin ubangidanka. Ina dai cewa ya san darajar ƙafa in ya ga dama.

Jiya ka dawo daga Maigatari ba a guje ba. Na ji ka tun daga lungu, taku ɗaya mai nauyi, ɗaya ja. Sai da na yanka igiyar kafin takalmin hagun ya fita, kuma da ya fita na ji warin da ban taɓa ji a jikinka ba. Babban yatsan ya kumbura kamar gauta, jan layi ya fara hawa wajen idon sawu. Da safe Cindo ya zo ya duba. Abin da ya ce a gabana, a gaban Goggo, shi ne: "Zan tsaga in fitar da mugunya. In ya zauna wata guda, yatsa nasa ne. In ya sake gudu a kansa, nawa ne."

Kana jin wannan, ana ɗora ka a jaki za a kai ka gidan Cindo, ka waiwayo ka ce mini in nemi sabuwar igiya in zura wa takalmin, don Madugu ya aiko da takardar da za a kai Gagarawa gobe. A gaban mutane ka faɗa, don ka san a gaban mutane ba zan amsa ba.

To ga amsar. Takardar Madugu ta riga ta kama hanya. Sajo mai jakai zai kwana a Gagarawa yau da kayan gero, na ba shi, ya sa a hularsa. Za ta isa kafin lokacin da kai za ka isa, kuma ba wanda zai zubar da jini a kanta.

Igiya kuwa ban zura ba. Na san ba za ka iya ajiye kyautar da hannunka ba. Kunya ba za ta bar ka ba, Goggo ba za ta bar ka ba, kuma in ka je gaban Madugu ka ce sun matse ka, harshenka zai ƙi juyawa. Saboda haka na ɗauke maka. Na dama yana nan inda ka bar shi, ka rataye shi a bango kowa ya ga girman da aka yi maka. Na hagu yana cikin ƙunshina, a tsakanin zanena da tasbahata, zai bi ni gidan Malam. In Madugu ya tambaya, ka gaya masa gaskiya, matarka ta yi yaji ta tafi da shi. Za a yi maka dariya a zaure, za a ce ɗiyar malami ta fi ƙarfinka, za a ce karatu ya lalata ta. Na yarda. Sunana ya fi yatsanka saurin warkewa.

Kada ka aiko kowa biko. Kada ka zo gobe, kada ka zo jibi. Ka zauna, ka ɗaga ƙafar, ka bar Cindo ya yi aikinsa. Bagaruwa tana cikin ƙaramar tukunya, man kaɗanya a kan rufewar hatsi, kuma Goggo ta iya gashi fiye da ni in ta daina magana. In wata ya cika, ka zo da kanka, a tafe, da takalminka na fata ko ba komai, kana tsayawa a kowace inuwa kamar tsoho. Zan fito zaure in duba da idona, in ƙirga yatsun. In na samu goma, ko jiran Malam ya gama nasiha ba zan yi ba, zan riga ka fita. In na samu tara, zan dawo duk da haka, don ni ba inda za ni, amma za ka ji maganarsa kowace safiya har ɗayanmu ya shiga kabari.

Wata guda ba tare da jin sallamarka ba! Kana tsammani da sauƙi nake ɗaure wannan ƙunshi? Sau biyu na kwance shi. Zuciyata tana nan kwance a kan tabarmar nan inda za a kwantar da kai, gangar jiki kawai nake kaiwa Sule Tankarkar. Ban so kowa kafin kai ba, ba zan so kowa bayanka ba, ko kana gudu, ko kana tafiya, ko ana ɗaukar ka. Amma a tsaye nake son ka.

Matan da za su kasuwar Sule Tankarkar sun yi sallama a waje, da su zan tafi. Goggo ta ga ƙunshin, ta dubi takalmin da ya rage a ƙasa, sa'an nan ta matsa ta ba ni hanya. Zan sa takardar a ƙarƙashin matashinka in ja ƙyauren.

Taka, a cikin fushi da bayansa, har ranar da za a naɗe ƙasa,

Rakiyya