Allura Tana Tsalle

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da baƙon da muke jira. Yaya nauyin jiki? Ki rage tsayuwa a asibitin nan, marasa lafiya ba za su ƙare a hannunki ba.

Albishirinki, tsohon naki ya samu ɗaki. Kin san benen nan na bakin layinmu, wanda Tela yake ƙasansa? Saman, inda a da ake tara katifun soso, shi aka ba ni haya. Damina ce ta kore ni daga gida. Ruwa ya bi ta gindin bango, na buɗe akwati na tarar kwalayen faifan garmahona sun yi fumfuna. Na tsufa ina gyaran rediyon mutane ban taɓa zubar da hawaye a kan kaya ba, amma ranar sai da na zauna daɓas a ƙasa. Shi ne na kwashe su kaf na hau da su sama. Ban yarda ko ɗaya ya jingina da bango ba, bango shi ne maƙiyin faifai. A tsakiyar ɗaki na jera akwatunan, wani kan wani, sun kawo min kafaɗa.

Da wuri ya samu sai abin da kike zargi ya faru. Duk Asabar, daga la'asar zuwa magariba, muna rawa. Dogo abokina yana zuwa da sandarsa, ya jingine ta, ya manta da ita. Akwai tsohuwar Malama da mijinta, akwai Direba, akwai wasu ma da ban san inda suka ji labari ba. Duk masu furfura ne, masu ciwon gwiwa, amma in na ɗora faifan kiɗan fank, mai jitar bas ya fara jan ƙafa da gangan, masu busa suka shigo masa ta baya, sai ki rantse ba wanda ya taɓa ganin likita a cikinsu. Disko kuwa ba na iya sa shi ban tuna mahaifiyarki ba, Allah ya ji ƙanta. Ita ce ta koya min cewa mutum yana iya rawa yana baƙin ciki, kuma rawar ta fi kyau.

Sannan ga wani sabon kiɗa da ɗan Dogo ya aiko mana, hawus suke ce masa. Waƙa kaɗan ce a ciki, ganga ce guda ɗaya tana tafiya ba hutu, don inji ne ke buga ta. Da farko na ce wannan ai aikin maƙera ne. Yanzu ni ke fara nemansa. A fank kowa da inda yake sauke ƙafarsa, a hawus kuwa duk ɗakin tare yake tashi, tare yake dirowa. Ina son abin nan har ina jin kunya.

Matsala ɗaya ce, in suka diro sai allurar injin faifai ta yi tsalle. Na ɗaure mata kwabo a ka da salatif, ta natsu.

Ki gaida maigidanki. Allah ya sauke ki lafiya.

Naki,
Baba

*

Zuwa ga Baba,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, na karanta wa surukinka, ya yi dariya har ya ƙware. Mu lafiya ƙalau, sai ƙafa da ta kumbura, likita kuma ya hana ni shiga mota sai na sauka.

Na ji daɗi ka samu abin da ke fitar da kai daga gida. Zaman da kake yi kai kaɗai tun rasuwar Mama ya fi komai damuna. Amma Baba, ni a gabanka na girma, kuma na san allurarka. Muna yara mun sha tsalle a ɗaki kana sa faifai, ba ta taɓa motsi ba, sai dai ka kore mu don surutu. Me ya sa yanzu take tsalle? Ɗakin da aka saba tara soso a ciki, ka tambayi wani ko zai ɗauki akwatunanka? Ni na san nauyinsu, guda ɗaya na taɓa ja ya kusa cire min hannu.

Ka gaida Baba Dogo da Baba Tela. Ka riƙa shan maganinka.

'Yarka

*

Zuwa ga 'yar Mai Rediyo,

Sallama da gaisuwa irin ta addinin Musulunci. Ni ne Tela na ƙasan bene. Ban saba rubuta takarda ba, ki yi haƙuri da rubutuna. Wajen Direba na karɓi adireshinki, mahaifinki bai sani ba.

Ba ƙararsa na kawo ba. Kiɗansa ba ya damuna, wani lokaci ma ƙafata tana binsa a kan keke. Abin da na gani zan faɗa miki. Tun da suka fara, duk ranar Lahadi nakan tarar da farin gari a kan yadin mutane, daga rufi yake zubowa. Na ce ƙura ce. Sai ƙofar ɗakin awo ta daina rufuwa, kafinta ya fere samanta, bayan kwana biyu ta sake cijewa. Yanzu akwai tsaga a rufin, daidai ƙarƙashin akwatunansa. Na yi mata alama da allin ɗinki a inda ta tsaya, ta wuce alamar, na sake yin wata, ta wuce. Fankata ma ta karkace. Ni ba magini ba ne, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima.

Na yi wa mai bene magana, ya turo yaro ya shafe wurin da siminti da fenti. Na yi wa mahaifinki magana, ya dafa kafaɗata ya ce in hau ranar Asabar a warkar min da tsoro. Ya ce benen ya girme mu duka.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Maganarki yake ji, ki yi masa. Na bar ki lafiya.

Tela

*

Uwata,

Sallama. Ashe har kin samu ɗan leƙen asiri a ƙarƙashina. Tela mutumin kirki ne, amma mutum ne da in kyanwa ta yi atishawa sai ya rufe shago. Da kansa ya zo ya faɗa min ya rubuta miki, don ba ya iya riƙe sirri ko nasa. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, to ni babban ma a kan bene nake.

Yanzu ga labari marar daɗi. Dogo ya rasu ranar Litinin, a kan kujerarsa, ba jinya. Asabar ɗin da ta wuce ya yi rawa har ya jiƙe. Ban san yadda zan faɗa miki ba, Uwata, ji nake kamar an cire min haƙarƙari. Tare muka sayi faifanmu na farko, muka yi rabon kwana a kansa, yau gidansu gobe gidanmu. Matarsa ta kira ni ta ce ya bar wasiyya, faifansa duka nawa ne, kada a bari su shiga hannun masu sayen tarkace. Na kwaso su. Sun kusa kai nawa yawa, na jera su kusa da 'yan'uwansu.

Zancen allura kuma na gama da shi, tunda ya tsaya miki a rai. Kwabo ɗaya ya daina riƙe ta, biyu kuma cin faifai suke. Sai na yi abin da masu sana'ar nan ke yi: na sa aka haɗa babban akwati, aka cika shi da yashi, aka ɗora a kan bulo, na zaunar da injin a kai. Yanzu ko giwa ce ta diro, allura ba ta san an yi ba. Teburin da ke gefen injin ne kawai ke ɗan neman karkata wajen akwatuna, nakan cusa masa kwali a ƙafa, in ya ƙara in ƙara. Har wasa muke da abin. In aka kwantar da kwalbar lemo a bakin ƙofa, da kanta take gangarowa ta same ni a tsakiya, Malama ta ce na samu ɗan aike.

Asabar mai zuwa ta Dogo ce. Duk wanda ya taɓa rawa da shi zai zo, za mu cika ɗakin. Kada ki ce min komai a kan wannan.

Allah ya yi miki albarka.

Baba

*

Baba,

Sallama, da ta'aziyyar Baba Dogo. Allah ya gafarta masa, ya ba ka haƙuri. Na yi kuka, don shi ke ɗaga ni sama ina ƙarama.

Ka ce kada in ce komai, to ka yafe min, zan ce. Na nuna wa ƙanin maigidana takardarka, kai ma ka san shi, magini ne. Yana kaiwa wajen kwalbar lemo ya daina murmushi. Ya ce daɓen da kwalba ke gangara a kansa ya riga ya lotsa, kuma tsakiyar ɗaki ita ce inda ya fi rauni, can ka tara faifanka da na Baba Dogo, ka ƙara da yashi da bulo. Ya ce allurar nan ita kaɗai ke faɗa maka gaskiya a ɗakin, ka bi ka toshe mata baki.

Baba, tsoro nake ji. Ba na barci. In na rufe ido mutane nake gani suna tashi tare suna dirowa tare. A wurin aiki na ga waɗanda aka zaƙulo daga ƙarƙashin gini, ba na so in faɗa maka kamanninsu. Don Allah, don darajar Mama, ka soke Asabar ɗin nan. Ka ɗauki 'yan dako su sauke komai a yini ɗaya, kai kana tsaye a titi. Da zan iya shiga mota da yanzu ina bakin matakalar nan na zauna, in ga ta inda za ka wuce. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ina so ɗana ya san kakansa.

'Yarka

*

Uwata,

Sallama. Takardarki ta iso ranar Asabar da rana, na karanta, na ji haushi, na sa ta a aljihu. Mutane sun riga sun fara hawa.

Ban taɓa ganin ɗakin ya cika haka ba. Na fara da fank ɗin da Dogo ya fi so, na wuce disko, komai lafiya. Sai na ɗora hawus. Kin san kunnena, Uwata, abin da nake ci da shi ke nan. Ina tsaye sai na ji ganga biyu. Ta faifai tana bugawa, wata kuma tana amsa mata ta tafin ƙafata, a makare, kamar ɗakin yana numfashi. Na dubi akwatuna na ga na saman suna gyaɗa kai. Allura kuwa tana tafiyarta lafiya lau.

Na ɗaga ta a tsakiyar kiɗa. Tun da nake ban taɓa yi wa faifai haka ba. Ɗakin ya yi tsit, a cikin shirun muka ji wani abu yana ƙas, ƙas, a ƙarƙashinmu. Na ce musu, “Kowa ya bi jikin bango ya sauka, ɗaya bayan ɗaya, kada wanda ya yi gudu.” Ba wanda ya yi gardama. Na kulle ƙofa, rawa ta ƙare. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ke ce da gaskiya, Tela ma haka, na kuma faɗa masa. Ya kwashe kekunansa ya koma shagon mai wanki a tsallaken titi.

Saura kaya. Na kira 'yan dako kamar yadda kika ce, amma ba su san faifai ba. Na farko ya kwantar da su a kwance, ya ɗora akwati a kai, ina ji ɗaya ya ce ƙas, na Dogo ne kuwa. Faifai a tsaye ake ɗaukarsa, a rungume a ƙirji, kamar jariri. Na sallame su. Da kaina nake saukewa, runguma ɗaya in huta, in sake hawa. Ni kaɗai ba nauyi gare ni ba, kuma kullum ɗakin sauƙi yake ƙara samu. Kafin ki sauka na gama, in zo in ga wanda zai gaje su.

Ki kwantar da hankalinki, ki yi barci.

Baba

*

Zuwa ga surukin Mai Rediyo,

Sallama. Ni ne Tela. Kai na rubuto wa, ba ita ba, Direba zai ba ka hannu da hannu.

Yau da hantsi benen ya rufta. Ina tsallaken titi, a kan idona. Ya sauko da runguma ɗaya ya ajiye a wurina, zai koma na riƙe masa riga. Ya ce faifansa za su iya jira, amma na Dogo da suka rage a tsakiya amana ce. Ya hau. Ko minti bai yi ba.

Mun tono shi bayan azahar. Allah ya riga ya karɓi abinsa. Ba wanda abin ya taɓa sai shi, don ya hana kowa hawa. Za a kai shi makwancinsa da yamma.

Kada ka miƙa mata takardar nan. Ka zaunar da ita tukuna, ka kira wata ta riƙe ta. Allah ya ba mu haƙuri.

Tela