Tokar da Tsoho Bai Faɗa Ba

Talata, 3 ga Sha'aban, 1291

Jibo, ɗan aiken mai gari, ya zo da hantsi. Wai bayan ƙaramar salla za a sa wa Tsoho riga a naɗa masa rawanin Sarkin Marina. Turkuɗin da ya rina bara ya kai har Kano, fatake sun dawo suna tambayar wane ne Ummaru na Ƙarfi mai shunin da ba ya koɗewa. Ga shi kuma daga nan har Bakori da wuya a sami marinin da ba a hannunsa ya koya ba.

Jibo ya tsuguna a bakin ƙofa ya isar da saƙo. Tsoho ya ce, "Madalla." Jibo ya tafi da murnarsa. Gari ya san mahaifina ya faɗi a marina da damina, ɓarin jikinsa ya shanye. Abin da ba a sani ba, wannan kalmar kaɗai ta rage a bakinsa. Ko ruwa yake so, madalla. Ko ciwo yake ji, madalla.

Juma'a, 6 ga Sha'aban

Inna ta ce a ci gaba da cewa yana samun sauƙi. To.

Laraba, 11 ga Sha'aban

Rabe ya zo. Shi ne babba cikin waɗanda Tsoho ya koya wa rini, shi ke riƙe da marina yanzu. Tun muna yara Tsoho ya fi sakewa da shi. Ni na bi karatu, shi ya bi muciya, kuma ban taɓa jin an yi dariya da ni irin yadda ake yi da shi a bakin rijiyoyin rini ba. Ba wannan na zauna rubutawa ba.

Ya ce rijiyoyin sun tashi, sun yi kumfa, amma launin na kowa ne. Tsoho ya yi shekara da shekaru yana ƙona itace iri-iri yana gwada tokarsu, sai bara ya dace da haɗin. Shi Tsohon ya ce zai koya musu bayan kaka idan ya sake gwadawa ya tabbatar, don ba ya koyar da abin da yake shakka. Tokar da ya ajiye ta ƙare.

"Abdussamad, bai taɓa ambata maka ba? Ko a kan tuwo?"

Ni? Wa zai yi mini zancen toka?

Asabar, 21 ga Sha'aban

Rabe ya kawo toka a ƙananan ƙoƙuna. Ta marke, ta ƙirya, ta karan dawa, ta ɓawon ɗorawa. Yana kai kowace gaban Tsoho yana cewa, "Malam, wannan ce?" Madalla. "Wannan fa?" Madalla. Muka ce ya ɗaga yatsa idan an zo kan ta gaskiya. Ya ɗaga a kan duka. Ko duka ake haɗawa, ko bai gane tambayar ba, ko ya gane jikin ne ya ƙi, Allah kaɗai ya sani.

Daga baya ya bugi ƙoƙon da hannunsa mai lafiya, toka ta watse a tabarma. Ya juya fuska bango.

Alhamis, 4 ga Ramadan

Na rubuta masa rubutu na wanke ya sha, kamar jiya, kamar shekaranjiya. Rabin ya zube ta gefen baki. Abin da na iya ke nan.

Juma'a, 19 ga Ramadan

Mai gari ya zo gaisuwa da kansa bayan masallaci, babu sanarwa. Ya tambayi jiki, madalla. Ya tambayi ina ke ciwo, madalla. Sai ya dubi Inna, Inna ta dubi ƙasa.

A zaure ya ce mini rigar ta Ummaru ce, babu mai taɓa ta. Amma rawani aiki ne. Sarkin Marina shi ke tarbar fatake, shi ke raba gardama, shi ke koyar da na baya. Rabe za a naɗa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a jira kaka mai zuwa mana. Zai warware."

Ya ce, "Kai ka yarda da haka, Malam?"

Na raka shi har bakin ƙofa.

Asabar, 27 ga Ramadan

Rabe ya tare ni a hanyar masallaci, ya ce ya je wurin mai gari ya roƙi a fasa naɗa masa rawanin, an ƙi. Na ce Allah ya sanya alheri, na wuce. Ina azumi, kuma na san ba har zuciya na faɗa ba.

Wa zai gaya wa Tsoho? Inna ta ce ni. Na zauna kusa da shi har la'asar ina kore masa ƙuda. Ban faɗa ba.

Juma'a, 10 ga Shawwal

An yi.

A kan jaki muka kai shi ƙofar mai gari, ni ta dama, Rabe ta hagu. Marina sun zo daga Bakori, daga Mahuta, wasu da furfura, kowa na cewa shi ma a hannunsa ya koya. Ban san sun kai haka yawa ba. Wani ya ce Malam ya taɓa sa shi ɗanɗana ruwan rijiya guda kullum har wata ya mutu, don harshensa ya san ranar da shuni ke nuna. Aka yi dariya. Ni ban san labarin ba.

Aka sa masa rigar, shuɗiya, babba, an sayo ta daga nesa. Ya jiƙa babban yatsansa da yawu, ya murza bakin hannun rigar, ya ɗaga yatsan ya duba. Fuskarsa ta yamutse, hawaye ya zubo. Ya ce, "Madalla." Wuri ya ɗauki kabbara, mata suka rangaɗa guɗa.

Sannan aka naɗa Rabe a gabansa. Tsoho ya kafa masa ido har aka gama. Murna ce, ko me, ban iya karantawa ba. Ni da ake cewa na iya karatu.

A hanyar gida Rabe ya ce mini a hankali, "Ka ga yatsansa? Rigar zuba take. An gaggauta tsame ta. Faɗa yake son yi." Ni ina tsaye a gefensa ban ga komai ba.

Laraba, 15 ga Shawwal

Ya ƙi abinci sai kunu. Inna ta ninke rigar ta sa a adaka.

Lahadi, 19 ga Shawwal

Fatake sun zo neman irin turkuɗin bara. Rabe ya gaya musu gaskiya, babu. Suka ɗaure kayansu suka yi gaba. Da yamma ya shigo da rawaninsa a hannu, ba a ka ba, ya durƙusa ya ce, "Malam, zan faro daga farko. Itace ɗaya-ɗaya, yadda ka yi. Ko zan tsufa a kai." Ya juya Tsoho, ya goge masa baya, ya gyara masa matashi. Ya fi ni iya ɗaga shi. Wannan ma.

Litinin, 5 ga Zulƙida

Jiki yana nan yadda yake.

Rabe zai shiga daji saran itace, jakinsa ya yi targaɗe, na kai masa namu. Kai jaki kawai na je yi. Sai na ga babu mai riƙe masa igiya, na bi shi har bakin rafi. Ya nuna mini yadda ake gane busasshen da ya mutu a tsaye da wanda ya ruɓe a ƙasa, wai tokarsu ba ɗaya ba ce. Tsoho ne ya gaya masa. Ya faɗa da irin muryarsa, har da kaɗa kan. Na kau da fuska.

Da muka sauke kaya a marina na ce, "Sarki, da marke za mu fara ko da ƙirya?"

Ya dube ni, ya miƙo mini gatari.

Wai "za mu" na ce. Bakina ne ya kuɓuce.